Katin Barka da Salla: Na Kanti da Na Hannu

Na duba littafin kiran suna, na ga yawancinku ba ku yin fashi. Madalla, sannunku da ƙoƙari.

Yau ku rufe littafin karatu tukuna. Magana za mu yi a kan Salla da aljihu. In mun ƙare kuma akwai ɗan aikin da zan bar muku.

Kowa a nan ya san abin da Salla ta kan ci. Ga ɗinkin yara, ga na uwargida, ga cefane, ga goro. In ƙaramar Salla ce ga zakkar fid da kai, in babba ce ga rago ga wanda Allah ya hore wa. Ga kuma 'yan canjin da a ke miƙa wa yara in sun zo yawon Salla. Waɗannan duk an san da su, mai gida ya kan fara lissafinsu tun da sauran wata guda. Amma akwai wata 'yar kafa da kuɗi su ke zurarewa ta cikinta ba a lura ba, watau kuɗin gaisuwa. Akwai katin barka da Salla na kanti. Akwai hoton da a ke biya a shirya wa mutum a shagon kwamfuta. Akwai katin waya da a ke ta ƙonawa, da saƙon da a ke biya a karanta a rediyo. Ko wanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba wani abu ba ne. In ka tara su sai ka ga sun kai kuɗin hatsin kwana da kwanaki.

Ku kuma dubi lokacin. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, sabo da haka Salla zagayawa ta ke yi. A 2024 an yi babbar Salla ran 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ran 6 ga Yuni. Wane lokaci ne wannan a ƙasar Sakkwato? Bakin damina ke nan. Rumbu ya yi ƙasa, ana neman iri, ana neman taki, ana neman kuɗin ƙwadago. Duk nairar da ta tafi wajen kati a irin wannan lokaci daga bakin gona aka zare ta. Ba banza ba a ke cewa Salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Kada fa wani ya tashi daga nan ya ce Malam ya hana gaisuwa. Ban hana ba. Wanda ya bar 'yan'uwansa ba gaisuwa ran Salla ya yi abin kunya, ko da ya tara kuɗi cike da tukunya. Abin da na ke so in nuna muku shi ne, wannan karatu da rubutu da ku ke koyo ya isa ya ɗauke muku kusan dukan kuɗin nan, gaisuwar kuma ta fi ta kanti daɗi.

Bari mu fara da asalin katin. A Ingila aka fara buga shi don sayarwa, a birnin Landan, cikin shekarar 1843. Wani ma'aikacin gwamnati ne mai suna Henry Cole ya sa aka yi. A ƙasarsu in bikin Kirsimeti ya zo mutane su kan rubuta wa juna wasiƙun gaisuwa. Shi kuwa mutum ne mai jama'a, ga aiki ya yi masa yawa. Sai ya sa wani mai zane ya zana masa hoto da 'yan kalmomin gaisuwa, aka buga guda 1,000, aka bar wurin da za a sa sunan wanda za a aika wa da na mai aikawa. Aka sayar da ko wanne sule guda. Dattawan da ke nan sun san sule, gama da shi a ke ciniki a ƙasar nan kafin naira ta zo a 1973. Sule guda kwabo 12 ne. A lokacin nan kuwa, tun daga 1840, kwabo guda a ke biya a gidan waya a kai wasiƙa ko'ina cikin Ingila. To, ku lissafa. Kuɗin kati guda ya isa a aika da wasiƙa 12.

Kun ga ke nan an ƙago kati don mutumin da ya ke da kuɗi amma ba shi da sukunin zama ya yi rubutu. Mu kuwa a ƙauye, da rani, bayan la'asar, sukunin ne mu ke da shi, kuɗin ne babu. Rigar wani ce aka ɗinka, mu ke neman sawa.

Daga baya abin ya iso mu ta hannun 'yan makaranta da ma'aikata. In Salla ta matso sai ka ga kantunan littattafai na birni sun jera katuna, da hoton masallaci, da jinjirin wata, da fure. Aka kuma yi yayin katin zaɓe, wanda mutum zai saya ya cika da sunayen waɗanda ya ke so a gaisar, ya aika gidan rediyo a karanta. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya yi suna ƙwarai da shirin Zaɓi Sonka. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 sai kasuwar katin takarda ta ja baya, amma kashe kuɗin bai ja baya ba, kama kawai ya sake. Yanzu saurayi ya kan ɗauki hotonsa da sabuwar hula, ya kai wa mai kwamfuta, ya biya a sa masa fure da rago a gefe, a rubuta barka da Salla a ƙasa, sa'an nan ya sayi data ya watsa wa duniya. Wani ma har ya kan sa a buga masa babba ya manna a bango, sai ka ce mai neman kujera.

To, mene ne a cikin katin kanti? Sau da yawa Turanci ne, wani lokaci Larabci. Wanda ya tsara kalmomin bai san ka ba, bai san kawunka ba. Abin da ya rubuta maka shi ya rubuta wa mutum dubu. Kawu zai karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya ce an gode. Sa'an nan ya tambayi wanda ya kawo, “Yaya ƙafar 'yar'uwata? An yi ruwa a gida? Akuyar nan ta haihu?” Kun gani, abin da ya ke ƙishirwar ji ba ya cikin katin ko kaɗan.

Abu na fari, ku raba mutanenku kashi biyu, na kusa da na nesa. Na kusa ba su bukatar takarda ko ɗaya. Zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ya aika wa surukinsa kati alhali tsakaninsu tafiyar sa'a guda ce, ya biya kuɗi ya sayi laifi. In an sauko daga idi, ka ci tuwo, ka ɗauki goro ko da ƙwaya biyar ne, ka je ka durƙusa ka gaishe shi. Haka a ke yi a birni ma. In an sauko daga Fakon Idi jama'a su kan bi gidajen manya, hakimai su kan zo fadar Sarkin Musulmi su yi gaisuwa da kansu.

Na nesa su ne abin magana. Kusan ko wane gida a nan yana da wani a waje. Wani ya tafi cin rani Legas ko Badun ko Fatakwal, wani yana Kumasi tun shekaru, wani yana karatu a Zariya, wata an kai ta aure Gusau ko Birnin Kabi ko Ƙwanni. Waɗannan su za a rubuta wa.

Yanzu ku buɗe shafin lissafi. Farashi kullum sakewa ya ke yi, sabo da haka lambobin da zan faɗa na misali ne, kowa ya sa na kasuwar yau a madadinsu. Mu ce kati guda da ambulan ɗinsa naira 500 ne. Kana da mutum 10 a nesa. Nawa ke nan? Naira 5,000. To, mu ce littafin rubutu mai warƙa 40 naira 300 ne. In ka buɗe shi a tsakiya, ka ɗaga 'yan ƙarafan da suka riƙe shi, za ka sami falle biyu-biyu a haɗe har guda 20. Ko wane ɗaya kati ne a naɗe, ba sai ka yi masa kome ba. Raba 300 gida 20. Naira 15. Kati 10 sun tashi naira 150 ke nan, ga sauran 10 ka ajiye don Salla mai zuwa. Cire 150 daga 5,000. Wa ya samu? Naira 4,850, daidai. Wannan shi ne abin da hannunka ya tsirar maka cikin yamma ɗaya.

Har yanzu ma ana iya ragewa. Ba lalle ne ko wane mutum ya sami takardarsa dabam ba. In kawu da iyalinsa da ɗan wanka duk gida ɗaya su ke zaune, takarda ɗaya ta isa, a ambaci kowa da sunansa a ciki. Sai dai a kula kada a tsallake kowa, musamman in matan gidan biyu ne. Wanda ya gaishe da uwargida ya manta da amarya ya aika da wuta cikin ambulan.

In kana son mai kauri irin na kanti, nemi tsohuwar kalanda, ko kwalin sukari, ko fastar zaɓen da ya wuce. Bayansu fari ne tas. Yanka daidai tafin hannu biyu, ka naɗe a tsakiya, ka manna farar takarda a kan gefen da ke da hoto. Abin mannawa ba saye za ka yi ba. Jiƙa ƙaro cikin ruwa kaɗan ya kwana, da safe ya zama danƙo. Ambulan ma haka. Ɗora katin a tsakiyar takarda mai faɗi, a karkace, ka naɗo kusurwa huɗu su haɗu a bisansa, ka shafa ƙaro. Shi ke nan.

Wajen ado kuwa, ku kun fi kanti. A fuskar katin rubuta BARKA DA SALLA da manyan baƙaƙe, ka fara da fensir, in ya zauna daidai ka bi da biro. Sa'an nan a zagaye shi da zane. Iyaye mata da ke zanen lalle da zanen ƙwarya da saƙar faifai, wannan fagenku ne. Masu ɗinkin hula sun san zane iri-iri a ka. Wanda ya taɓa zama kusa da dukawan Sakkwato ya ga yadda su ke ƙawata jar fata da 'yan layuka da ɗigo kawai. Launi ma yana cikin gida. Ruwan soɓorodo ya ba da ja, shuni ya ba da shuɗi, gangamau ya ba da rawaya, tawadar allo ta ba da baƙi. A fiƙe tsinke ko karan dawa a yi alƙalami. Kada dai a cika ruwa, gama takardar littafi ba ta da ƙarfi. A bar shi ya bushe a inuwa. A sa yara su taya, sun fi mu son irin wannan aiki, kuma kaka ba ta da abin da ta fi so kamar ta ga zanen jikanta.

Ga wani gargaɗi. Kada ku rubuta ayar Alƙur'ani a kan katin gaisuwa. Takarda ce mai yawo, ba ka san inda za ta ƙare ba. Yau tana bisa akwati, gobe yaro ya ja ta ƙasa, jibi an ƙunshe ƙosai da ita. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ba na son waɗansu katunan kanti, su kan cika su da ayoyi, bayan Salla kuwa sai ka tsince su a juji. Addu'a da Hausa ta wadatar.

To, me za a rubuta a ciki? A sama ta hannun dama sa sunan garinku da kwanan wata. Sa'an nan ka sauko ka fara. Ga misali, zan karanta a hankali.

“Zuwa ga Kawu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan gaisuwa, ina yi maka barka da shan ruwa, da barka da Salla tun kafin ta zo. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je kasuwa da kanta. Jar akuyar da ka bari ta haifi biyu. An gyara rijiyar bakin masallaci. Wannan takarda ni na rubuta ta da hannuna, ba wanda ya kama mini. A gaishe da iyali duka. Allah ya maimaita mana. Ni ne ɗanka.”

Sai ka sa sunanka a ƙasa. Jimla goma ce da 'yan kai, ba kuwa kalma ɗaya a ciki da ta fi ƙarfin wanda ya yi wata huɗu a wannan aji. Ku lura da tsarinta. Gaisuwa ta zo da fari, sa'an nan labarin gida, sa'an nan addu'a. Labarin gidan nan shi ne naman miyar. Ku faɗi abu biyu ko uku da ku ka san zai so ji. Amma shawarata, kada ku haɗa gaisuwar Salla da roƙo. In ka ce barka da Salla a layi na fari, a na biyu ka ce a aiko da kuɗin taki, to, ka zubar da gaisuwar. In akwai bukata a yi mata takardarta dabam wata rana.

Na san abin da ke ran waɗansunku. Kunya. Wani zai ce, “Malam, rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, yaya zan aika wa mutanen birni su yi mini dariya?” Ku saurara. Mutumin da ya bar ka ba ka san ko baƙi ɗaya ba, yau ga takarda daga hannunka, kana tsammani karkatar layi zai tsaya dubawa? Zai kira maƙwabta ya nuna musu. Zai sa ta a aljihun gaba. Tsohuwa kuwa ƙarƙashin kwalla za ta ɓoye ta, ta riƙa sa jikoki suna karanta mata har takardar ta tsufa. Ba a yi wa katin kanti haka.

In Sakkwatanci ya kuɓuce maka cikin rubutun, ka sa “shina” maimakon “yana”, ko “tahi” maimakon “tafi”, ko “wanga” maimakon “wannan”, kada ka damu. A jarrabawa malaminku zai gyara maka, don akwai daidaitacciyar Hausa da a ke buga littattafai da ita, ya kamata kuwa ku iya ta. Amma a takardar da za ta je hannun ɗan'uwanka a Kurmi, wannan muryar gida ce zai ji. Wanda kuma ya yi karatun allo, in wanda zai aika wa ajami ya fi ganewa, ya rubuta da ajami. Rubuta wasiƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi ta musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno da sarakunan ƙasashe, tun Turawa ba su zo ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ita ma marubuciya ce. In kun shiga birni ku nemi gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, akwai tsofaffin takardu a ajiye a can.

Akwai kuma wata riba da ba ta shiga lissafin da muka yi ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani ya ke nema ya rubuta masa. Dā masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya a ke biya, yau yaron da ke wurin cajin waya a ke roƙo. Ko ka biya shi ko ba ka biya ba, ya ji abin da ke cikin gidanka. Mace da ke son ta gaya wa 'yarta wata magana ta tsakanin uwa da 'ya, yaya za ta yi in sai ta bi ta bakin ɗan maƙwabta? Wanda ya iya rubutu asirinsa a rufe ya ke.

Sai maganar aikawa. Hanya mafi arha ita ce hannun matafiyi. Kafin Salla da bayanta mutane suna ta kai da kawowa. Ku haɗa kai. In gida biyar a garin nan suna da mutane a Sabo ta Badun, ko a Agege ta Legas, a tara takardun duka cikin babban ambulan ɗaya, a ba mutum ɗaya amintacce. In ba mai tafiya, a kai tashar mota a birni a ba direba, gida biyar ɗin su raba abin da zai karɓa. A bayan ambulan a rubuta sunan mai karɓa, da unguwa, da gari, da lambar wayarsa da manyan lambobi, don direba ba zai bar motarsa ya shiga neman gida ba, kira zai yi. A rubuta lambar motar a ajiye. Gidan waya ma yana nan. Ka kai, a auna, a gaya maka kuɗin kan sarki, ka manna a kusurwar sama ta dama. Sai dai wannan yana son cikakken adireshi, yana kuma son a yi da wuri. Ko ta wace hanya ce, kada ka sa kuɗi cikin wasiƙa.

Da wuri ɗin nan ku riƙe shi. Ƙaramar Salla ba ta zuwa ba zato, azumi 29 ne ko 30. In ya kai 15 a fara rubutu, kafin 20 takarda ta bar gari. Babbar Salla kuwa ran 10 ga Zulhajji ce, da an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a aika. Mai jira sai jajibere shi ne ya kan ruga kanti ya sayi abin da ya samu a kan kuɗin da aka faɗa masa.

In lokaci ya ƙure, ga dabara. Rubuta takardarka kamar yadda muka faɗa, ka sami mai babbar waya cikin 'yan'uwa, ya ɗauki hotonta ya tura ta WhatsApp. Nan take za ta isa, da rubutun hannunka, da zanen yaranka, abin da za ta ci na data kuwa kaɗan ne.

Masu ƙaramar waya, ku matso, wannan taku ce. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da rabin abin da su ke karɓa, sai saƙon tes ya tashi daga naira 4 ya koma naira 6. Wannan kuɗin shafi ɗaya ne. Shafi ɗaya kuwa yana ɗaukar harafi 160, har da filin da a ke bari tsakanin kalmomi. In ka wuce ko da ɗaya ne, an caje ka shafi biyu. Ku ji wannan: “Salamu alaikum Kawu. Barka da Salla. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Allah ya maimaita mana.” Bai kai harafi 100 ba, shafi ɗaya ke nan.

Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, ba su cikin jerin haruffan da aka shirya saƙon tes da su tun asali. In ka sa ko guda ɗaya, a yawancin wayoyi sai shafin ya tsuke ya koma harafi 70. Haka kuma in ka sa 'yan hotunan nan na fuska mai dariya ko na rago. Saƙon da na karanta muku yanzu, in ka ƙara masa kalmar “ƙwarai” da lanƙwasarta, ya zama shafi biyu, naira 12. In mutum 20 za ka tura wa, ka yi hasarar naira 120 a kan ƙugiya ɗaya. To, a littafinku da wasiƙunku ban yafe muku lanƙwasa ba, ko ɗaya kada ku bari. A WhatsApp ma ku sa, can ba ta ƙara kuɗi. A tes kaɗai ne za ku zaɓi kalmomin da ba su da ita, ko ku bar ta inda ma'ana ba za ta rikice ba. Amma a yi hattara. Wanda ya ke nufin an yi faɗa, ya rubuta “an yi fada”, ya bar mai karatu cikin duhu. Wanda kuma ya je fada gaisuwar Salla, in ya yi karambani ya sa lanƙwasa, ya gaya wa uwarsa ya je faɗa, ranar ba za ta ci tuwon Salla da daɗi ba.

In kira za a yi, a tara mutanen gida wuri ɗaya a yi kira ɗaya, waya ta zagaya. Kafin a buga, a rubuta abin da za a faɗa a 'yar takarda. Mu Hausawa mu kan ƙone rabin kati a kan ina gajiya, ina gida, yaya yara, to madalla, sa'an nan a sake komowa kan ina gajiya. Kafin a kai ga maganar sai kuɗi su ƙare. Masu babbar waya kuma su sa a kashe musu abin nan da ke sa hotuna da bidiyo su sauka da kansu, gama ran Salla su kan zo kamar fari, su cinye data kafin azahar. In kuma saƙo ya shigo wai wani kamfani ko wani attajiri yana rabon goron Salla, ka taɓa nan, ko ka turo lambar sirrin asusunka, share shi. Ɓarayi ne.

Kada kuma ku ɗauka waya ta kashe takarda har abada. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato sabo da matsalar tsaro. Waɗansunku a nan sun ga wannan zamani da idonsu. Wanda ya iya rubutu a lokacin ya ba mai mota 'yar takarda, ta isa. Wanda bai iya ba sai saƙon baka, saƙon baka kuwa kun san yadda ya kan isa, an rage rabi an ƙara rabi.

Gaisuwar rediyo fa? Ba na zarginta, tana da daɗi, tsoho ya kan ji sunansa ya yi murmushi. Amma in za a yi, ƙungiya ta yi, ko ajin nan gaba ɗaya ku yi karo-karo ku aika da guda ɗaya da sunan gari. Mutum ɗaya ya ɗauki kuɗin buhun taki ya kai don a ambaci sunansa na minti guda, wataƙila ma wanda a ke gaisarwa yana gona bai ji ba, wannan ban ga hujjarsa ba.

To, ga aikin da na ce zan bar muku. Ran da za ku komo aji, kowa ya zo da falle biyu a haɗe daga tsakiyar littafinsa, da fensir, da sunan mutum ɗaya na nesa, da garin da ya ke, da lambar wayarsa in akwai. Ku tambayo tun a gida. Za ku fara rubutawa a allo ko a bayan littafi, malaminku ya duba, sa'an nan ku kwafe a kan mai kyau. Wanda ya riga gamawa ya zauna kusa da wanda bai gama ba, ya nuna masa, amma kada ya karɓi fensirin ya rubuta masa. Mai ƙaro a gida ya jiƙo mana kaɗan a gwangwani, iyaye mata kuma a taimaka da soɓorodo da shuni. Malam zai rubuta sunayen garuruwan a allo, mu ga waɗanda za su shiga ambulan ɗaya, mu kuma nemi wanda zai yi tafiya cikin makon.

Akwai mai tambaya? To, in babu, a buɗe littafin karatu, a ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Allah ya kai mu Salla lafiya.